Yadda malamin Hausa zai kama aiki a jami'ar Amurka

Duk shekara shirin Fulbright, wato shirin musayar ilimi na gwamnatin Amurka, yana ɗaukar matasan malamai daga ƙasashe daban-daban domin su koyar da harsunansu a jami'o'in Amurka, kuma Hausa tana cikin waɗannan harsuna. Wanda aka zaɓa yakan sauka a watan Agusta da bizar J-1 ta masu musayar ilimi, ya zauna har zuwa Mayu, yana koyarwa yana kuma ɗaukar darussa biyu a kowane zango. Abin da yakan fara ba shi wahala shi ne yadda aka ɗora aikin gaba ɗaya a kan na'ura.

Kafin ka shiga aji, ka nemi sashenku ya buɗe maka shafin darasinka a manhajar da jami'ar take amfani da ita, wadda galibi Canvas ce ko Blackboard ko Moodle. A nan ɗalibai suke duba jadawalin zango, su miƙa aikin gida, su ga makinsu, kuma abin da ba ka sa a ciki ba, a wurinsu tamkar ba ka faɗe shi ba ne. Ka ware kwana biyu ka koyi ɗora sauti da shirya gwaji. Ka kiyaye da maganar maki, domin dokar FERPA ta 1974 ta kare bayanan karatun ɗalibi, saboda haka al'adar karanto sakamako a gaban aji ko manna shi a allo ba ta da wuri a can.

Haruffa masu lanƙwasa suna buƙatar kulawa ta musamman tun ranar farko. Ɗalibin da yake rubuta baki a madadin baƙi, ko kafa a madadin ƙafa, zai ɗauki kuskuren har bakinsa. Ka sa kowa ya saukar da manhajar rubutu ta Keyman a kwamfuta, ko ya ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard a wayarsa, sannan ka gwada rubutun a shafin darasi ka tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai. Karin sauti da tsawon wasali kuwa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, don haka garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi duk ɗaya suke a idon baƙo. A ganina nan ne na'ura ta fi amfani: ka naɗi muryarka a gajerun jimloli, ɗalibai su saurara su maimaita su turo maka, kai kuma ka gyara musu da murya.

Idan kana son haɗa ɗalibanka da masu magana da Hausa daga gida ta Zoom, ka lissafa lokaci da kyau. Najeriya da Nijar suna gaban New York da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, su koma awa 6 a lokacin sanyi.

Batun zama kuma, ka fara da buɗe asusun banki da neman lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba masu aiki, ta hannun ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Wutar lantarkin can mai ƙarfin volt 120 ce, ba 230 irin tamu ba, don haka ka duba cajarka kafin ka jona. Ka sayi rigar sanyi mai kauri tun Oktoba, domin a jihohin arewacin ƙasar sanyin ya wuce hunturun da ka sani, rana kuma takan faɗi kafin ƙarfe 5 a Disamba. Kaɗaici yakan fi tsananta a wannan lokaci, musamman ga wanda ya saba da gaisuwa mai tsawo da shiga gidan maƙwabci ba tare da sanarwa ba. Ka nemi masallaci ko coci mafi kusa da ƙungiyar ɗaliban Afirka tun makon farko, kuma idan wani darasi ya faɗo a lokacin sallar Juma'a, ka yi wa shugaban sashe magana kafin a kammala jadawali.