Yadda ake lura da sanyin firjin magani daga wayar hannu

Allurar rigakafi da insulin suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyas, dare da rana. Mai kemis ko ma'aikacin asibiti kuwa ba a gaban firji yake kwana ba. Idan aka ɗauke wuta da tsakar dare, aka dawo da ita da asuba, da safe za ka tarar da firjin da sanyinsa, alhali maganin ya sha zafi. Shi ya sa ake amfani da 'yar na'urar auna zafi mai batir, wadda ke tura maka rahoto duk inda kake.

Da farko ka duba ta wace hanya na'urar ke tura saƙo. Mai Bluetooth ba ta da tsada, ƙaramin batiri ɗaya mai kama da kwabo (CR2032) kan kai ta watanni, amma saƙonta ba ya wuce 'yan mitoci. Mai Wi-Fi tana cin batir. Mai LoRa tana kai kilomitoci, batirinta kan yi shekaru, sai dai tana buƙatar akwatin da zai karɓi saƙon ya miƙa shi intanet. Akwai kuma wadda ake sa wa layin waya kai tsaye. Ga ɗakin shan magani na ƙauye, ita na fi so.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Idan mai Wi-Fi ko LoRa ka zaɓa, na'urar tana da batir, to amma akwatin intanet ɗin fa? Idan da wutar gari yake aiki, tare da firjin zai mutu, wato daidai lokacin da ake buƙatar gargaɗin ke nan zai yi shiru. Ka haɗa shi da batirin sola ko fawa banki tun kafin ka yi komai.

Sannan ka gwada gaskiyar na'urar. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ka zuba ruwa kaɗan, ka tsoma bakin ma'aunin, wato ƙarshen siririyar wayar da ke jin zafi, na 'yan mintoci. Ya kamata ya nuna sifili, ko kusa da shi da rabin digiri.

Wajen girkawa, jikin na'urar ya zauna a waje, domin ƙarfen firji yana tare saƙo, sanyi kuma yana kashe ƙarfin batir. Siririyar wayar ma'aunin kaɗai za ta shiga. Ajiye bakinta a tsakiya inda magani yake, ban da jikin ƙofa, ban da kusa da ɗakin ƙanƙara. Idan ka samu 'yar kwalbar ruwan gilaikol, wani ruwa da ke sa ma'aunin ya bi zafin magani maimakon na iska, ka tsoma bakin ciki, buɗe ƙofa na ɗan lokaci ba zai riƙa tayar maka da hankali ba.

A manhajar waya, sa ta riƙa aunawa duk minti 10 ko 15. Saita gargaɗi biyu: sama da 8 da ƙasa da 2. Kada ka raina na ƙasan, don daskarewa tana lalata allurar ciwon hanta nau'in B da ta tetanus da ta penta, wadda ake yi wa yara don cututtuka biyar. Ka ƙara na uku idan manhajar na da shi, wanda zai sanar da kai in na'urar ta daina magana.

Daga ƙarshe ka fito da bakin ma'aunin ka dunƙule shi a hannu, ka ga ko saƙo zai iso. Sa lambar mutum biyu, ɗayansu ya kasance mai riƙe da makullin ɗakin.