Ƙwallon kaɗanya ba ya jira

'Yan'uwa masu niyyar shuka kaɗanya a daminar bana, don Allah kada ku shanya ƙwallon. Mun saba da gero da dawa, waɗanda sai sun bushe ƙayau ake kai su rumbu. Kaɗanya da mangwaro da goro ba haka suke ba: da zarar ruwan cikin ƙwallon ya ragu sosai, ran da ke ciki ya mutu, ko da a ido yana nan lafiya lau.

Ku tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu, ku cire naman, ku wanke, ku shuka cikin mako guda. Wanda aka dafa ko aka shanya don yin man kaɗe, wannan ba iri ba ne.

In dole sai an ajiye, a binne shi cikin yashi ko dusar katako mai ɗan danshi, a inuwa, cikin buhun da iska ke shiga. Ban da ledar da aka ɗaure, zai ruɓe. Ban da firji kuma, sanyi na kashe ƙwallon waɗannan itatuwa. Ko a hakan ma, makonni kaɗan ne, kuma zai iya fara tsira a wurin.

Sai haƙuri bayan shuka. Kaɗanya saiwa take fara turawa ƙasa da zurfi, ganye ya biyo baya bayan makonni, wani lokaci watanni. Mutane da yawa kan tone su zubar, suna zaton ya mutu. Saboda tsawon saiwar nan, gara a shuka shi kai tsaye inda zai zauna.