Yadda ake gano ƙwayar Mycoplasma genitalium idan ciwon sanyi ya ƙi jin magani

Mutum ne ya zo da zafin fitsari da ɗan farin ruwa da ke ɗiga daga gabansa da safe. An yi masa allura, ya sha ƙwayoyi na mako guda, abin ya lafa, bayan sati biyu ya dawo sabo fil. An kai fitsari awo, aka ce ba a ga komai ba. A irin wannan hali ne ya kamata a tuna da Mycoplasma genitalium, ƙwayar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, wadda aka fara ganowa a 1981 daga wasu maza biyu a Landan.

Ƙwayar ƙanƙanuwa ce ƙwarai kuma ba ta da ɓawon da ke lulluɓe sauran bakteriya. Shi ya sa rinin Gram, wanda ake rina ƙwayoyin cuta da shi don a gan su, ba ya kama ta a madubin likita, kuma penisilin da amoxicillin da ceftriaxone, waɗanda ɓawon suke farfasawa, ba sa yi mata ko gezau. Shuka ta a faranti a ɗakin awo, don ta yaɗu a gan ta, yakan ci makonni ko watanni. Don haka awon HVS da mata suka saba yi, wato ɗibar ruwan gaba da tsinken auduga a shuka, ba zai taɓa nuna ta ba. Sau da yawa sakamakon yakan fito da "staf", a yi ta ɗirka wa mace magani a kan ƙwayar da take zaune a fata, mai laifin kuwa tana nan.

Da farko a tabbatar akwai kumburi. Ga namiji, a shafa ruwan da ke fita a gilashi, a rina, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini: 5 ko fiye a kowane fili da babban idon madubin likita ke nunawa alama ce ta kumburin hanyar fitsari. Ga mace, likita zai duba bakin mahaifa ko akwai ruwa mai mugunya, ko jini na ɓallewa da an ɗan taɓa. A tambaye ta ciwon mara da ganin jini bayan kwanciya, domin ƙwayar tana hawa har mahaifa da bututun ƙwai. Ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2021 ta ɗora wa wannan ƙwaya kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kumburin hanyar fitsari da ba na gonoriya ba, da kusan kashi 40 na wanda ke tafiya yana dawowa.

Sai ɗaukar samfur, kuma nan aka fi yin ɓarna. Namiji ya riƙe fitsari aƙalla awa ɗaya, kada ya wanke gaba, ya tari fitsarin da ya fara fitowa, mililita 20, kada ya wuce 30. Ma'aikata da yawa sun saba cewa "zubar da na farko, tari na tsakiya", wannan kuwa na awon ciwon mafitsara ne. A nan na farkon ake so, shi ke wanko ƙwayoyin da suka manne a bututu. Idan aka cika roba fal, an tsinka samfurin, sai ya fito babu alhali akwai. Mace kuma tsinken auduga ya fi fitsari kamawa, kuma tana iya ɗauka da kanta: ta tura shi kamar santimita 5, ta juya yana gogar bango na daƙiƙa 10 zuwa 30, ta sa a kwalbarsa ta rufe gam. Kada ta yi matsi ko ta wanke ciki kafin nan. Idan ɗakin awon na nesa, a sa samfurin a kula mai ƙanƙara, kada a bar shi cikin zafin mota.

A rubuta a takarda cewa PCR ake so, wato awon da ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin gadonta, na ƙwayar da sunanta, tare da na kalamidiya da gonoriya, tunda alamominsu ɗaya ne. Inda akwai hali, a nemi a duba canjin da ke ƙwayar gado ta 23S rRNA, shi ke nuna ta bijire wa maganin azithromycin. Wanda ba shi da wata alama ba a yi masa wannan awo, sai dai abokin kwanciyar wanda aka samu da ita.

Magani hawa biyu ne, kuma likita ne zai rubuta. A fara da doxycycline miligiram 100 sau biyu a rana, kwana 7. Shi kaɗai ba ya kashe ta a mafi yawan mutane, rage yawanta yake yi. Idan ƙwayar na jin azithromycin, a bi da giram 1 ranar farko, sannan miligiram 500 kullum na kwana 3. Idan ta bijire ko ba a auna ba, moxifloxacin miligiram 400 kullum, kwana 7, ko 14 idan kumburin ya hau mahaifa. Mai ciki ba ta shan doxycycline ko moxifloxacin. Mai tarin da ya daɗe a fara auna shi, domin moxifloxacin na cikin magungunan tarin fuka kuma yana iya ɓoye shi. Sayen azithromycin giram ɗaya a kemis a haɗiye lokaci guda shi ke koya wa ƙwayar taurin kai.

A yi wa miji da mata magani tare, har da kishiyoyi idan akwai, a dakatar da kwanciya sai kowa ya gama kuma alamun sun ɗauke. Idan za a sake awo, a jira mako 3 bayan gama magani, domin PCR na iya kama gawar ƙwayar ya nuna kamar tana da rai.