Yadda ake zaɓar hanyar rage ƙiba da manhajar bibiya, don nauyin da ya tafi kada ya dawo

Da yawan masu fama da ƙiba sun taɓa rage kilo biyar ko shida a wani lokaci na rayuwarsu. Abin da ke gagarar mutane shi ne su hau sikeli bayan shekara guda su tarar nauyin bai dawo ba. Shi ya sa nake ganin tun kafin ka daina cin wani abu ko ka sauke wata manhaja a wayarka, akwai tambayar da ta kamata ka yi wa kanka: wannan tsarin, zan iya binsa a ranar da na gaji, ranar da raina ya ɓaci, ranar da nake kan tafiya? Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan tambayar aka ɗora su.

Mataki na 1: San inda kake, ka kuma sa burin da za a iya kaiwa

Auna nauyinka da safe, bayan ka zaga, kafin ka ci komai. Auna tsawonka. Sai ka raba nauyin, a kilo, da tsawon a mita wanda aka ninka da kansa. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70, alal misali, zai raba 90 da 2.89, ya sami kusan 31. Wannan lissafin shi ake kira BMI. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan wuce ƙima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce.

BMI ba ya bambance tsoka da kitse, don haka ka haɗa shi da awon ciki. Zagaya tef a wajen cibiya ba tare da ka haɗiye tumbi ba. Abin da ake so, awon ya gaza rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya.

Burin farko kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka. Ga mai kilo 90, kilo 4.5 zuwa 9 ke nan. Wani zai raina wannan, amma a wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga an sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari da motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba maganin suga na metformin, wanda ya rage kashi 31. Saurin da ya dace shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Mataki na 2: Idan kana cikin waɗannan, fara da likita

Mai shan maganin ciwon suga ko yin allurar insulin, domin rage ci ba tare da gyara magani ba na iya faɗar da sukarin jini har mutum ya suma. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mace mai ciki ko mai shayarwa, wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ya taɓa shiga halin tsoron abinci ko tilasta wa kansa amai. Haka wanda ya ga ƙiba ta zo masa bayan ya fara wani magani, ya gaya wa likitan da ya rubuta masa, kada ya dakatar da kansa.

Mataki na 3: Zaɓi tsarin ci da ya dace da rayuwarka

Nan ne ake yawan gardama, kowa na cewa nasa ne gaskiya. Kowane tsari da ke rage ƙiba, ta hanya ɗaya yake yi: yana sa abin da ke shiga jiki ya gaza abin da jiki ke ƙonewa. Bambancin yana wajen yadda kowanne ke sa ka jure hakan.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 na tsawon wata 12. Rabi sun rage maiƙo, rabi sun rage sitaci (irin su tuwo, shinkafa da burodi) da sukari. Masu rage maiƙo sun zubar da kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6.0, tazarar da ba ta isa a ce wani ya fi wani ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a cikin kowane rukuni an sami wanda ya rage kusan kilo 30, an kuma sami wanda ya ƙara kusan 10. Tsari ɗaya, sakamako daban-daban, gwargwadon yadda tsarin ya zauna wa kowa.

To ga yadda za ka tantance.

Idan kai mai son lissafi ne, kuma yawanci a gida ake dafa abin da kake ci, ƙirga kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, zai yi maka. Ba a hana ka komai, sai dai ka rage kusan kalori 500 a rana daga abin da jikinka ke buƙata. Ka riƙe cewa giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man girki kusan kalori 120 ne, gwangwanin lemo mai zaƙi kusan 140. Mutane da yawa daga waɗannan biyun kaɗai suke samun rabin ragin da suke nema.

Idan yunwa ce ke karya ka, gwada rage sitaci da sukari ka ƙara furotin da ganye: ƙwai, kifi, wake, nama marar kitse. Furotin ya fi riƙe ciki, yana kuma kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka. Amma in a gidanku tukunya ɗaya ake ci, kuma sitaci ne ginshiƙinta, tsarin da ya haramta shi gaba ɗaya zai ware ka daga iyalinka, kuma da wuya ka daɗe a kai. Ragewa ta fi yankewa.

Idan matsalarka ciye-ciyen dare ne, ƙayyade lokacin ci zai iya taimaka, wato ka ci a cikin sa'o'i 8 ka bar ciki ya huta na 16. Ba wani sirri a cikin agogon. Gwajin da aka yi a Sin, aka wallafa a 2022, ya nuna masu ƙayyade lokaci tare da rage kalori ba su fi masu rage kalori kawai ba. Amfaninsa shi ne sauƙi: doka ɗaya ce, ba lissafi.

Idan ba ka son ko ɗaya daga cikin waɗannan, raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata furotin, kwata sitaci, kuma ba ƙari.

Akwai kuma alluran rage ƙiba irin su semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy da Ozempic. Suna aiki. A gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 68. Amma da aka bibiyi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ya dawo. Magani ne na dogon lokaci a hannun likita, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da ke yawo.

Shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet kuwa, ina roƙonka ka bar su. Da yawansu maganin sa gudawa ne ko sa fitsari, ruwan jiki suke zubarwa. An sha kama wasu ɗauke da sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Haka tsarin da ya sauko da kai ƙasa da kalori 800 a rana, ba a yinsa sai da kulawar asibiti, domin saurin rama na iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

Mataki na 4: Sai yanzu ka nemi manhaja

Tsari ake fara zaɓa, sannan manhajar da ta dace da shi. Rubuta abin da aka ci yana da amfani sosai, domin ƙwaƙwalwa tana yi mana rangwame. A wani bincike na 1992, mutanen da suka ce sun rage ci amma nauyi ya ƙi sauka, da aka auna sai aka ga sun rage lissafin abin da suka ci da kusan kashi 47 cikin ɗari, ba kuma da niyyar ƙarya ba.

Mai ƙirga kalori ya duba MyFitnessPal, Lose It!, FatSecret ko Cronometer. MyFitnessPal na da rumbun abinci mai girman gaske, amma da yawa masu amfani da ita ne suka shigar, don haka za ka iya ganin abinci ɗaya da adadi huɗu mabambanta. Cronometer ta fi tace bayananta, tana kuma nuna bitamin da ma'adinai. Noom ta fi karkata ga darussan sauya ɗabi'a, WeightWatchers kuma maki take ba abinci a madadin kalori. Mai ƙayyade lokacin ci ko mai raba faranti ba ya buƙatar duk wannan, ya ishe shi ya sami wadda ke ajiye nauyi ta fitar da matsakaici, kamar Libra a Android ko Happy Scale a iPhone.

Kafin ka biya ko sisi, gwada wadda ake bayarwa kyauta na mako biyu, ka lura da abubuwan nan. Shin abincin da kake ci kullum yana ciki? In babu, tana ba ka damar shigar da kayan girkin sau ɗaya ka ajiye shi da suna? Wannan ya fi komai muhimmanci ga mai cin girkin gida, domin da yawan manhajojin an gina su ne a kan abincin leda mai lambar da ake haskawa da kyamara. Minti nawa take ci maka a rana? In ta wuce goma zuwa goma sha biyar bayan ka saba, za ka ajiye ta. Tana aiki idan intanet ta yanke? Za ka iya fitar da bayananka idan ka sauya sheƙa? Sannan ka duba ko kuɗin wata-wata na sabunta kansa bayan kwanakin gwaji.

Kada ka yi wasa da sirrinka. Nauyinka, abincinka, barcinka, wani lokaci har ranakun al'adar mace, duk suna hannun kamfani. A 2018 an yi kutse a MyFitnessPal wanda ya shafi asusu kusan miliyan 150. Yi amfani da kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kuma hana manhajar abin da ba ta buƙata, kamar lambobin wayarka.

Mataki na 5: Gyara saitinta

Makon farko kada ka canza komai a cinka, rubutawa kawai za ka yi, har man da aka soya da abin da ka sha. Nan za ka ga inda kalorin ke ɓuya. In da hali sami ƙaramin sikelin kicin, ko na wata ɗaya ne, ido zai koyi awo.

Adadin kalorin da manhaja ta ba ka ƙiyasi ne daga shekaru, tsawo, nauyi da jinsi. Kada ka zaɓi saurin da ya fi rabin kilo zuwa ɗaya a mako. Sannan ka kashe saitin da ke ƙara maka abinci saboda ka motsa jiki. A 2017 an gwada agogunan hannu masu auna motsa jiki guda 7 a Stanford: bugun zuciya sun auna shi da kyau, amma a kalorin da aka ƙone, mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni da 93. Yi motsa jikinka, minti 150 zuwa 300 a mako da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, amma kada ka mai da shi lasisin ƙarin ci.

Mataki na 6: Koyi karanta sikeli

Nauyi na iya hawa ko sauka da kilo 1 zuwa 2 a rana saboda gishiri, ruwa, abin da ke cikin hanji ko zagayowar al'ada. Mai rage sitaci zai ga saurin sauka a makon farko, amma yawanci ruwa ne, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka da ruwa yake tafiya. Matsakaicin mako shi za ka kwatanta da na makon jiya. Auna ciki sau biyu a wata.

Idan ka ga lissafin ya fara hana ka cin abinci da mutane, ko ganin adadi ya koma ja a allon waya na sa ka ƙin cin abincin dare don ka hukunta kanka, goge manhajar ka yi magana da likita. Wannan ba rauni ba ne, kuma akwai hanyoyin da ba sa buƙatar ƙirga.

Mataki na 7: Idan nauyi ya tsaya, da kuma bayan an kai

Tsayawa za ta zo, sau da yawa wajen wata na shida. Jikin da ya ragu ba ya ƙone abin da yake ƙonewa da, yunwa kuma tana ƙaruwa. In matsakaicinka bai motsa ba har mako uku ko huɗu, fara da duba rubutun: an koma awo da ido? Ana tsallake ƙarshen mako? Ana samun barcin sa'o'i 7? Sai bayan nan ka rage kalori 100 zuwa 200, ko ka ƙara tattaki.

A Amurka akwai wata rajista da masu bincike Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe na shekara ko fiye. Hanyoyin da suka bi sun bambanta, amma kusan kashi uku cikin huɗu na hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, kuma mafi yawansu na motsa jiki kusan sa'a guda a rana, galibi tafiya a ƙasa.

Don haka in ka kai burinka, ƙara abinci kaɗan-kaɗan, kamar kalori 100 a rana kowane mako, har nauyi ya daidaita. Za ka iya daina rubuta kowace loma, amma ka ci gaba da awon mako. Sa wa kanka iyaka, kilo 2 sama da inda ka tsaya, ka rubuta ta a manhajar. Ranar da matsakaicin mako ya haura ta, koma rubuta abincinka na mako biyu, da tsarin nan da ya kai ka tun farko.