Masu renon attaruhu, ku lura da ɗumin ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Sau da yawa idan attaruhu ya ƙi fitowa sai a ɗora wa mai sayar da iri laifi, alhali ƙasar ce ta yi sanyi. Irin attaruhu yana son ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30. A nan Sakkwato, daren Disamba da Janairu yakan sauka kusan digiri 15, sai irin ya kwanta shiru, in ruwa ya yi yawa kuma ya ruɓe.

Don haka a hunturu ku yi bedin, wato wurin renon irin, inda hantsi ke bugawa, ku kafa zana ta gabas da arewa don tare iska. Kada zurfin iri ya wuce santimita 1. Ku rufe da busasshiyar ciyawa, da magariba ku shimfiɗa leda a sama, rana na ɗagawa ku yaye ta, don in ta wuni a kai za ta dafa irin. Ban ruwa da hantsi ya fi; na yamma yana kwana yana sanyaya ƙasa, musamman a fadamun Goronyo da Wurno.

A bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, zafin kan haura 40. Rumfa ce magani, da yayyafin ruwa safe da yamma.

Ku yi haƙuri, attaruhu yakan kai sati 2 zuwa 3 kafin ya tsiro, ya fi tumatir jinkiri. Da kun ga tsiro ku ɗauke ciyawar, kada ya yi tsawo ba ƙarfi.