Kurakuran da ke sa mutane sauke Steins;Gate daga wuta tun bai nuna ba

In ka tara mutum goma da suka taɓa wasan bidiyon nan na Japan, Steins;Gate, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Wasu za su rantse maka ba su taɓa karanta labarin komawa baya cikin lokaci da ya kama ƙafarsa ba. Wasu kuma za su ce awa biyar suka shafe suna danna maɓalli, ba su ga komai ba sai wani ɗan jami'a sanye da farar rigar masu bincike, yana surutu a wayar da ba a ma kunna ba, yana kiran kansa mahaukacin masanin kimiyya. Dukansu ba ƙarya suka yi ba. Abin da na lura da shi kawai, yawancin masu ƙorafin wasu 'yan kurakurai ne suke maimaitawa, kuma kusan duk suna da magani.

Wasan ya fara fitowa a Japan a watan Oktoban 2009 a kan Xbox 360, daga kamfanonin 5pb. da Nitroplus. Fassarar Ingilishi ta kwamfuta ta zo a 2014, ya kuma shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2016. Irin wasan nan ne da ake kira bijuwal nobel, wato labari mai hoto da murya. A nan kuskuren farko yake. Mutum ya ji an ce gem, sai ya zo da hannuwansa a shirye, yana jiran gudu da harbi da tsalle. Babu ko ɗaya. Karatu ne, zunzurutun karatu na wajen awa talatin, hotunan 'yan wasa na tsaye, muryoyinsu na tashi da Japananci, rubutu na gudana a ƙasan allo. Wanda ya saba kwana yana karanta littafi a waya ya fi gwanin wasan ƙwallo shirin wannan tafiya. Saboda haka ka gyara zama kamar mai buɗe littafi, ka raba shi babi-babi, kada ka ce sai ka cinye shi a dare ɗaya. Akwai tsarin da rubutu ke tafiya da kansa. Ka kunna shi, yatsanka ya huta.

Babban kuskure kuwa, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne ajiye wasan a babi na biyu ko na uku. Labarin babi goma sha ɗaya ne, kuma kusan biyar na farko tafiyar hawainiya suke yi. Okabe Rintaro, wato ɗan jami'ar nan mai farar riga, da abokansa, Mayuri da Daru, suna zaune a wani ɗan ɗaki a saman shagon tsofaffin talabijin a unguwar Akihabara ta Tokyo, cikin zafin bazarar 2010. Sun haɗa waya da na'urar ɗumama abinci, suna saka ayaba tana komawa wani koren abu mai yauƙi. Ana musu, ana zolaya, ana aiken sayen abin sha, ana neman wata tsohuwar kwamfuta lungu-lungu. Mai karatu sai ya fara tambayar kansa, yaushe za a fara labarin?

An riga an fara. Kusan babu wata hira a wannan sashe da ba a dawo an karɓi kuɗinta daga baya ba. Ɗan abin wasan da aka ci a injin sulalla a ranar farko, saƙon da ya shigo waya da hoto mara ma'ana, maganar da wata ta yi a kan keke kamar da wasa, duk ajiya ce. A ƙarshen babi na biyar wani abu yake faruwa, ba zan faɗe shi ba, daga nan labarin ya juya, ba ka ƙara samun wurin numfashi. Kuma zafin abin yana zuwa ne saboda ka riga ka zauna da mutanen nan, ka san yadda kowa ke gaisuwa, ka san abin da ke ba shi dariya. Da an fara da tashin hankali tun shafin farko, da ba abin da zai dame ka da su. Ba na cewa sashen farko ba shi da kitse. Yana da shi, akwai barkwancin da aka ja har ya tsinke. Amma shawarata ɗaya ce: ka yi wa kanka alkawarin kai wa ƙarshen babi na biyar. In ka kai can bai kama ka ba, ajiye shi da zuciya ɗaya, ba naka ba ne.

Haka nan batun Okabe. Da yawa suna tsanarsa a awannin farko, da dariyarsa ta mugunta da sunan da ya laƙaba wa kansa, Hououin Kyouma, da zancen wata Ƙungiya da yake cewa tana farautarsa. An gina shi ne don ya ɗan gundure ka. Riga ce ya saka, kuma akwai dalilin saka ta. Ka riƙa lura da lokutan da muryarsa ke sauka ya yi magana kamar kowa. Can mutumin yake.

Sai waya, inda ni kaina na sha ƙasa. A yawancin wasanni irin wannan, labari kan tsaya, a jero maka zaɓi biyu ko uku a allo. Steins;Gate bai yi haka ba. Zaɓinka yana cikin wayar Okabe. Kira zai shigo ana tsakiyar hira, ko ka ɗauka ko ka share. Saƙo zai shigo, a cikinsa akwai kalmomi masu launin shuɗi. Wadda ka danna ita ce za ta zama tushen amsar da zai mayar. Ba wanda zai tsayar da kai ya ce ga mararraba. Karo na farko na ɗauka saƙonnin nan ado ne kawai, ina jin ƙarar shigowarsu ina wucewa. Na kai babi na goma, aka nuna mini wani ƙarshe, sunayen ma'aikata suka gangaro, na zauna ina cewa to shi ke nan? Ina amsar abin da aka nuna a farkon labari? Ashe babi guda cur na rufe wa kaina.

Wasan yana da ƙarshe shida. Uku daga ciki suna reshe ne a babi na shida da na bakwai da na takwas, kuma gane su ba wuya: ana kai ka gaɓar da za ka aika wani saƙo ko ka ƙi aikawa. Biyu suna babi na goma. Na shidan, wanda ake kira ƙarshe na gaskiya, shi ne babi na goma sha ɗaya, kuma ba ya buɗuwa sai ka bi wata sarƙar saƙonni da Makise Kurisu, matashiyar mai binciken kimiyya da ke cikin labarin, wadda ke farawa tun wajen babi na huɗu, ka ba da amsoshin da suka dace ɗaya bayan ɗaya. Ka kuskure ɗaya, sarƙa ta tsinke, kuma babu wata ƙararrawa da za ta sanar da kai. A ganina wannan aibin wasan ne, ba laifin mai wasa ba, domin amsoshin ba su da wata alama da hankali zai kamo. Da yawa daga masu cewa labarin ya ƙare a rataye, babi na goma suka tsaya ba su sani ba.

Magani a nan shi ne ka ajiye girman kai ka nemi jagora. Amma a kula da irin jagorar. Akwai waɗanda aka rubuta su ba tare da tona labari ba, sai dai su ce a babi kaza, in saƙo mai take kaza ya shigo, danna kalma kaza. Irin wannan za ka nema. Wasu sun fi son su yi zagayen farko da ka, duk inda ya kai su, sannan su ɗauki jagora a zagaye na biyu. Hakan ma daidai ne, in dai ka san akwai sauran aiki a gaba.

Abin da ke sauƙaƙa zagaye na biyu shi ne adanawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Guraben adanawa suna da yawa, amma sai ka ga mutum yana ta danne gurbi ɗaya tun farko har ƙarshe. Ka adana a sabon gurbi a farkon kowane babi, ka ƙara adanawa duk lokacin da ka ji labari ya ɗauki zafi kuma an sa waya a hannunka. Mai wasa a kwamfutar tebur a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama ya fi kowa sanin amfanin wannan. Idan kuma za ka maimaita, akwai maɓallin tsallake rubutu. Ka duba saitinsa ya zama abin da ka riga ka karanta kaɗai yake tsallakewa, kuma idonka na kan alamar shigowar saƙo.

Kada ka rubuta sunan kowane ɗan wasa a Google ko YouTube kafin ka gama. Ko rabin sunan ka rubuta, injin zai ƙarasa maka da abin da zai ɓata maka awa ashirin. Wasan ya haura shekara goma sha biyar, masoyansa sun daina rufa masa asiri.

Wani ƙorafin da nake yawan ji shi ne wai dokokin tafiyar lokacin suna cin karo da juna. Galibi mai faɗin haka ya cakuɗa abubuwa ne da labarin ya rarrabe. Akwai saƙon da ake aikawa baya, wanda suke kira D-Mail, ɗan gajere ne ƙwarai, bayit 36 kacal, wato 'yan haruffa kaɗan, kuma in ya sa wani ya canza abin da ya yi, duniya gaba ɗaya takan koma wani layi, kowa ya manta da tsohon sai Okabe. Akwai kuma tura tunanin mutum zuwa ƙwaƙwalwarsa ta baya, wanda ba ya wuce awa 48 a tsalle ɗaya. Jiki bai je ko'ina ba, abin da ka sani ne ya koma. Na uku shi ne tafiya da jiki dungurungum. Kowanne da iyakarsa da farashinsa. A kan waɗannan kuma akwai dokar da ta fi su nauyi: layukan duniya suna tafiya ne dami-dami kamar zaren igiya, kuma duk zaren da ke cikin igiya ɗaya wuri guda yake ƙarewa, komai kewaye-kewayen da ka yi. Wanda ya riƙe wannan, rabin tambayoyinsa sun amsu. Wasan yana da ƙamus a ciki, mai suna TIPS, da ke bayanin kalmomin kimiyya da zaurancen 'yan intanet na Japan wanda Daru ba ya iya jimla biyu babu shi. Mutane suna ƙyale shi, alhali an sa shi ne don irinmu da ba mu tashi a Akihabara ba.

Akwai kuma masu zarcewa ta ɗaya gefen, su ɗauki komai gaskiya ne. Marubutan sun yi wayo, sun ɗebo abubuwa na zahiri sun sauya musu harafi. SERN, wata cibiya da ke cikin labarin, daga CERN aka aro ta, cibiyar binciken nan da ke kusa da Janiba a kan iyakar Suwizalan da Faransa, mai ramin gwaji na kilomita 27. Aikinta karo da ƙwayoyin zarra, ba mulkin duniya ba. IBN 5100 kuwa, tsohuwar kwamfutar nan da ake nema a labarin, IBM 5100 ce, kwamfutar da ta fito a 1975. John Titor da ke cikin labarin ma an yi shi: wani ne da ya riƙa rubutu a intanet a 2000 da 2001 yana cewa shi soja ne daga shekarar 2036, an aiko shi neman wannan kwamfutar, ya kuma yi hasashen yaƙin basasa a Amurka wanda bai auku ba. Ginin Radio Kaikan da labarin ya buɗe da shi yana nan a Akihabara, sai dai an rushe tsohon an gina sabo, wanda aka buɗe a 2014. Sanin waɗannan yana ƙara wa miya gishiri, amma ayaba ba ta komawa jiya.

A wajen saye ma ana tafka kuskure. Sunan Steins;Gate 0 yana yaudarar mutane, su ce ai sifili kafin ɗaya yake. A'a. Ya fito a 2015, kuma yana tashi ne daga wata gaɓa dab da ƙarshen na farko. Mintunansa na farko sun isa su tona maka komai. My Darling's Embrace kuwa wasan barkwanci da soyayya ne na gefe, don wanda ya riga ya san mutanen. Chaos;Head na 2008 shi ne farkon jerin wasannin da Steins;Gate ke ciki, duniyarsu ɗaya, amma ba sharaɗi ba ne; 'yan shaguɓe kawai za su wuce ka. Sai Steins;Gate Elite, wanda ya fito a Japan a 2018, sauran duniya a 2019: labari ɗaya ne, amma an maye gurbin zanen asali na mai zane huke da hotuna masu motsi daga katun ɗin labarin da kamfanin White Fox ya yi a 2011, an kuma rage wasu bayanai. Wanda dogon karatu ke gajiyar da shi, Elite zai fi masa. Ni dai na fi son na asali, saboda zanen nan mai kama da an yayyafa masa tsatsa, da idanun 'yan wasan masu ban tsoro kaɗan, sun fi dacewa da inda labarin ya dosa.

Wanda ya riga ya kalli katun ɗin mai kashi 24 yakan ce me ya rage? Da saura. Katun ya bi hanya ɗaya ce zuwa ƙarshe na gaskiya, bai nuna sauran ba, kuma ba ya shigar da kai cikin kan Okabe yadda wasan ke yi, inda kake jin tunaninsa yana lalacewa a hankali. Ƙarshen da ke babi na shida kaɗai ya isa dalilin komawa. Shi ne wuri mafi duhu a labarin, kuma mai kallon katun bai taɓa ganinsa ba.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa iyaye da yayye: zanen katun ba ya nufin na yara ne. Akwai jini, akwai mutuwa da ake maimaitawa, akwai barkwancin batsa daga bakin Daru da wasu fitowa da za su sa ka rage murya in akwai manya a ɗaki. Ka sa abin kunne, kuma kada ka miƙa wa ƙaninka ɗan firamare don ya ga ayaba a allo ya ce yana so.