Littafin Masunci: Kurakuran da Ke Mayar da Shi Takardar Banza

Masunta da yawa sun taɓa sayen littafi don su riƙa rubuta fitarsu. Wasu suna jefar da shi kafin wata ya ƙare, wasu kuma suna cika shi fal, amma in ka tambaye su wane wuri ne ya fi ba da ragon ruwa a watan Janairu, sai su yi ta buɗe shafuka babu amsa. Ba rubutun ne ba shi da amfani ba. Abin da aka rubuta ne bai kai ya amsa tambaya ba.

Wani zai ce iyayenmu a Mai Wurno da Sinja da Kosti ba su riƙe alƙalami a cikin jirgi ba, kuma sun ci da iyalinsu daga kogin Nilu a nan Sudan. Gaskiya ne. Sai dai kogin da suka haddace ba shi ne a gabanmu yau ba. Madatsar Sinnar tana nan tun 1925, ta Jabal Auliya tun 1937, ta Rusairis tun 1966, saboda haka dattawa sun san halinsu. Amma an ƙara wa ta Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013, sannan Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, aka ƙaddamar da ita a Satumban 2025. Yanzu laka mai yawa tana kwantawa can sama kafin ta iso mu, kuma hawan Shuɗin Nilu da saukarsa sun rataya ne a kan buɗe ƙofofi da rufe su, ba a kan ruwan sama kaɗai ba. Wanda zai koyi wannan sabon kogin da wuri, sai ya haɗa da rubutu.

Babban kuskure shi ne rubuta ranar sa'a kaɗai. Mutum ya dawo da giwan ruwa mai kilo 20, hannu na rawa ya ɗauko littafi. Gobe ya dawo da kurungu uku, ransa a ɓace, sai ya ce yau babu abin rubutawa. Bayan shekara littafin ya cika da labarin daɗi, kowane wuri ya zama wurin albarka. Alhali ranar da aka dawo hannu rabbana ita ce ta fi koyarwa, domin ita ke nuna maka inda kake ƙona fetur a banza. A ce gindin wani dutse ya ba ka babban kamu sau biyu. In ba ka rubuta sauran zuwan goma da ka tashi a tutar babu ba, za ka ci gaba da kai kanka can kana cewa wurin yana da kifi. Gyaran ba wuya: duk ranar da jirgi ya taɓa ruwa, sai an yi layi, ko da layin “babu” ne.

Mai bi masa shi ne rubuta abin da aka kama ba tare da abin da aka zuba ba. “Kilo 30” ba ya nufin komai shi kaɗai. Da kalli nawa, wato ragar da ake dasawa ta kwana a ruwa? Awa nawa ya kwana a ruwa? Idonsa yatsa nawa ne? Mutum biyu suka sauka a mashiga ɗaya, ɗaya da kilo 30 daga kalli shida, ɗaya da kilo 18 daga kalli biyu. Mutanen bakin ruwa za su taya na farko murna, amma na biyu ne ya san inda kifi yake: kowane kallinsa ya kawo kilo 9, na wancan kilo 5. Haka mai mamari zai rubuta yawan ƙugiyoyi, mai birgi ya ƙiyasta yawan jifa ko awannin da ya yi, mai gura ya rubuta nawa ya dasa da abin da ya sa a ciki. Mai fatsa kuma ya faɗi ko tana ya sa ko ƙaramin kifi. Awannin kwanan kalli suna da wani amfanin na daban, domin a zafin Afrilu da Mayu kifin da ya mutu tun farkon dare yakan fara lalacewa kafin a ɗaga, kuma littafi ne zai nuna maka daga awa nawa asarar take farawa.

Sai batun awo. “Da yawa”, “ba laifi”, “alhamdulillahi” duk kalmomi ne masu kyau a baki, amma ba a tara su a raba. Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. In kilo ne, kilo. In ratal ne, ka tuna bai kai rabin kilo ba, wajen giram 450 ne, kada ka gauraya su a shafi ɗaya. Wanda ba shi da sikeli ya ware kwando guda, ya auna shi sau ɗaya a kasuwa, ya riƙa ƙirga da shi. Kuma a raba kifin: karfasa daban, tarwaɗa daban, tsage da kawara da za a yi fasik (kifin gishiri) da su daban, wanda za a shanya a yi kajek daban. Kada kuma kuɗi ya maye gurbin nauyi. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 jine, kuɗin Sudan, yake zubewa, bayan ɓarkewarsa kuwa abin ya ƙazanta, har ta kai kuɗin bara da na bana ba sa kwatantuwa. Rubuta kuɗin, amma a gefensa ka sa farashin galan ɗin fetur ko na ƙanƙara a ranar. Nan ne za ka ga ko riba ce ko yawan takardu ne kawai. Abin da dillali ya turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, da abin da ya ce sai gobe, su ma kowanne da gurbinsa.

Kwanan wata yana da tarko nasa. Da yawanmu da watan Musulunci muke lissafi, sai mutum ya rubuta “tsakiyar azumi, karfasa ta fito sosai”. To azumin 2015 a watan Yuni ya kama, gab da damina, na 2025 kuwa a Maris, tsakiyar rani. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, kifi kuma zafin ruwa da cikowa yake bi. Amma kada a yar da na Hijira, domin shi ke gaya maka hasken dare kyauta: 14 ga wata farin wata ne, 28 duhu. Masunta suna yawan cewa a farin wata kifi na ganin kalli in ruwa ya yi garau. In ka rubuta kwanakin biyu tare, bayan 'yan watanni za ka gani da idonka ko haka abin yake a wurinka. Masu bin taurarin damina irin su Natra da Tarfa da Jabha, masu kusan kwana 13 kowanne, su ƙara da su, domin su da shekarar rana suke tafiya. Wajen lokaci kuma na fi son a rubuta “bayan asuba” ko “kafin magariba” tare da ƙarfe. Ko a Nuwamban 2017 an mayar da agogon Sudan baya da awa ɗaya, kifi kuwa bai ji sanarwar ba.

Inda littattafai suka fi rauni, a ganina, shi ne ba sa faɗin komai game da ruwan kansa. Kafa turke a mashigarku, ka yi masa tsaga-tsaga tazarar yatsa huɗu, kullum ka duba: ruwa na hawa ne, na sauka ne, ko yana tsaye? Wannan kalma ɗaya ta fi rabin abin da ake cika shafi da shi. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta shiga ciyawa don yin ƙwai, karfasa tana haƙa gurbinta a wuri marar zurfi, saboda haka saukar ruwa ta kwana biyu tana iya kwashe kifi daga inda ka saba samunsa. Don sanin gurɓacewa, tsoma hannu a hankali ka ga inda tafinka ya ɓace: a wuyan hannu, a gwiwar hannu, ko har kafaɗa kana hangensa. Rubuta iska, ko ta arewa ce mai sanyi ko habub, guguwar ƙura, ya taso. Mutanen Farin Nilu su ƙara da kainuwa, domin ranar da iska ta turo ta ta rufe bakin gaɓa, kamun ranar ba ya kwatantuwa da na sauran. Su tuna kuma tafkin Jabal Auliya ana cika shi ne daga damina a sake shi da rani, don haka wuri ɗaya yana iya zama wuri biyu a shekara.

Ga yadda layi mai amfani yake: “Talata, 14 Janairu, 14 Rajab. Gindin Ƙirya. Kalli 3, yatsa huɗu, magariba zuwa asuba. Ruwa ya sauka tsaga ɗaya, hannu na ɓacewa a gwiwa, iskar arewa. Karfasa kilo 7, ragon ruwa 2 kilo 3, kurungu kaɗan. Karfasa huɗu da ƙwai. Fetur rabin galan.” Bai ɗauki minti uku ba. Lura da sunan wurin. “Kudu da gari” ba wuri ba ne. Ba kowane gurbi sunansa, ka zana taswirarsa a bangon littafin da alamomi biyu na tudu da suke saitawa. In kana tsoron wani ya leƙa, sa lamba maimakon suna, ka riƙe fassarar a ka.

Wasu kuma suna bari sai sun isa gida, sun yi wanka, sun ci abinci. Zuwa lokacin kilo 7 ya zama 10. A rubuta a bakin ruwa, da fensir, domin tawadar biro tana narkewa in ta jiƙe. A sa littafin a leda biyu. Wanda ya fi sakewa da ajami ko Larabci ya rubuta da shi, ba jarrabawa ba ce. Wanda ba ya rubutu ya yi saƙon murya a waya, da dare ya ce wa ɗansa, “Zo nan, yaro, kwafe mini wannan.” Amma kada a bar komai a waya kaɗai; tana faɗawa ruwa, caji yana yankewa, ana kuma sace ta. In an ƙaura, kamar yadda yaƙi ya tilasta wa mutane da yawa, a buɗe sabon shafi da sunan sabon wurin, kada a haɗa lissafin Sinja da na Kosti.

Akwai masu rubutu tsaf da ba sa waiwayar abin da suka rubuta. Ware yammacin Juma'a ka tara na mako, a ƙarshen wata ka raba kilo da yawan kalli ga kowane gurbi. Duba girman kifin ma: in watanni suna wucewa kana samun nauyi ɗaya amma da ƙananan kifi masu yawa, wurin yana gajiya, kuma rage idon kalli ƙara masa ciwo ne. Sa'ad da ka ga wani abu a lissafin, kada ka yi gaggawar canza komai gaba ɗaya. Mutum ya sauya wuri, ya sauya ido, ya sauya lokacin fita a rana guda, kamu ya ƙaru, ya rasa wanne ne ya yi aikin. Canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke na mako biyu aƙalla, in da hali ka dasa kalli biyu kusa da juna a dare ɗaya, sabo da tsoho, ka rubuta na kowanne a layinsa.